Huhu da ƙarfin motsa jiki a wurin mai ciwon ƙoda mai daɗewa

Ciwon ƙoda mai daɗewa shi ne lalacewar ƙoda ko raguwar aikinta da ta haura wata 3 ba ta warware ba. Suna dai na ƙoda ne, amma sau da yawa numfashi da ƙafa ne ke fara kai ƙara. Mutumin da ya saba takawa daga Birni zuwa Kasuwar Dole a Zinder ba tare da ya ji komai ba, sai ya ga yana neman inuwa a hanya yana haki. Wannan hakin yana da tushe aƙalla uku: ruwan da ya taru a ƙirji, ƙarancin jini, da tsokar da ta zube.

Ana auna aikin ƙoda da yawan jinin da take tacewa a minti ɗaya, abin da takardar awo a Nijar ke rubutawa DFG. Lafiyayyen matashi yakan haura mililita 90. Idan awon ya tsaya ƙasa da 60 fiye da wata 3, ciwo ya tabbata. Tun 2002 aka raba shi mataki 5, kuma a na biyar, ƙasa da 15, ake fara maganar wankin ƙoda ko dashe. Kusan mutum 1 cikin 10 a duniya yana da wani mataki na ciwon, akasari bai sani ba. Hawan jini, wanda a Damagaram aka fi kira tansiyo, da ciwon suga su ne kan gaba wajen jawo shi.

Ruwa a ƙirji

Ƙoda ce ke fitar da gishiri da ruwan da jiki bai buƙata. Idan ta gaza, ruwan yakan fara sauka ƙafa, a danna da yatsa gurbin ya zauna, da safe kuma fuska ta tashi. Daga nan sai huhu. Huhu tarin ƴan jakunkunan iska ne, miliyan ɗari-ɗari, kowace da bango siriri ƙwarai wanda iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Ruwa na shiga wannan bangon sai ya yi kauri, huhun ya yi nauyi, shaƙar iska ta zama aiki.

Alamar da ta fi bayyana wannan ita ce ta dare. Da rana ruwan yana ƙafa. Da mutum ya miƙe a shimfiɗa sai ya gangaro ƙirji, bayan awa biyu ko uku ya farka kamar an shaƙe shi. Lokacin bazara, da kowa ke kwana a tsakar gida, iyali kan tashi su tarar da shi zaune ya jingina da bango, ya tara matasan kai a baya, yana cewa ai a zaune ya fi jin daɗi. Wannan ba zafin gari ba ne, ba asma ba ce, kuma ba abin jira ba ne har ranar ganin likita da aka ba shi. Wani ruwan ma ba cikin huhun yake ba, yakan taru tsakanin huhu da haƙarƙari ya matse shi. Hoton ƙirji, wato radiyo, da eko suna nuna duka biyun.

Ga masu wankin ƙoda sikeli ne alƙali. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Likita kan tsayar wa kowa nauyinsa na asali, nauyin da jikinsa ke da shi idan an cire rarar ruwa, sai a auna shi kafin a ɗora shi kan inji da bayan an sauke shi. Wanda ya dawo da ƙarin kilo 4 ya zo da lita 4 da ba su da mafita. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce wanki sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. Inda injuna suka yi kaɗan akan koma sau 2, tazara ta yi tsawo, ruwan da ke taruwa ya ƙaru. Sashen ƙoda na Babban Asibitin Ƙasa na Zinder yana karɓar marasa lafiya har daga Magarya, Matamaye, Gure da Tanut, kuma ga mai zuwa daga nesa, lalacewar mota ɗaya na iya zama zama ɗaya da aka rasa.

A ce wa mutum ya rage shan ruwa a watan Afrilu ko Mayu, ana zafin da ya haura digiri 40, magana ce mai sauƙin faɗi. Abin da ake yawan mantawa shi ne gishiri ne ke kiran ƙishirwa. Dunƙulen magi, kanwa a miya, kilishi da yaji duk suna ɗauke da sinadarin sodiyom. Fura, kunu da shayi kuwa duk ruwa ne a lissafin ƙoda, ko da mai shan su abinci ya ɗauke su.

Abin da awon numfashi ke nunawa

Na'urar awon numfashi, sipiromita, wani likitan Ingila mai suna John Hutchinson ya gabatar da ita a 1846. Ana toshe hanci, mutum ya cika ƙirji ya busa cikin bututu iya ƙarfinsa har iska ta ƙare. Lambobi biyu ake dubawa: jimillar iskar da ta fito, CVF, da wadda ta fito a daƙiƙar farko, VEMS. A wurin mai asma ko tsohon mashayin taba, hanyoyin iska ne suka tsuke, don haka ta daƙiƙar farko ce ke faɗuwa, har ta gaza kashi 70 cikin 100 na jimillar. A wurin mai ciwon ƙoda an fi ganin lambobin biyu sun sauka tare: hanya a buɗe take, mazubin ne ya ƙanƙance. Bayan wanki, da an janye ruwa, sukan ɗan ɗaga.

Tsokar da ta raba ƙirji da ciki, wadda ita ke jan numfashi, ita ma tana raunana kamar sauran tsokoki. Masu wanki ta ciki, da ake zuba musu kusan lita 2 na ruwan magani a kogon ciki, suna da ƙarin nauyi da ke tura ta sama.

Akwai kuma numfashi mai zurfi, mai ƙara, ba tari ba kumburi. Wannan daga tsamin jini yake: ƙoda ta kasa fitar da asid, huhu ya karɓi aikin yana fitar da iskar kabon da yawa don ya rage shi. Likitan Jamus Adolf Kussmaul ya bayyana irinsa a 1874 a wurin masu ciwon suga, sunansa kuma ya bi shi.

Jini da tsoka

Ƙoda ce ke samar da eritropoyetin, sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Babu shi, jini ya yi ƙasa, tafin hannu ya yi fari, zuciya ta riƙa dukan uku-uku a kan ɗan aiki. Allurarsa ta samu izini a Amurka a 1989, ana haɗa ta da sinadarin ƙarfe. Ba a mayar da jinin daidai da na lafiyayye, akan tsaya wajen giram 10 zuwa 11.5 na himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin, a kowace desilita ta jini, domin an ga wuce gona da iri yana ƙara haɗarin shanyewar jiki.

Abin lura shi ne ko an ɗaga jinin, ƙarfi ba ya dawowa duka. Idan aka ɗora mai wankin ƙoda kan keken awo, oksijin ɗin da jikinsa ke iya amfani da shi a ƙololuwar aiki yakan tsaya wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku na sa'ansa mai lafiya, kuma da yawa ƙafa ce ke tsayar da su kafin numfashi. Tsamin jini yana cin tsoka, rashin cin abinci yana ƙara ramar, bitamin D da ƙoda ke kammala sarrafawa ya yi ƙaranci, ga awannin zama kan kujerar wanki da gajiyar da ke biyo baya. Sannan ga tausayin gida. Da an ce ƙoda ce, sai a hana mutum ɗaukar buta, a kawo masa komai har shimfiɗa, kowa ya shigo ya ce ya huta. Niyya mai kyau ce, amma cinyar da ba ta aiki zubewa take yi, har tashi daga sujada ya zama sai da dafa bango.

Gwajin tafiya da motsa jiki

Gwajin da ya fi dacewa da asibitocinmu shi ne tafiyar minti 6, don ba ya buƙatar komai sai agogo da baranda mai tsawon mita 30. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta tsara ƙa'idarsa a 2002. Mutum na kai da kawowa iya saurinsa, an yarda ya tsaya idan ya gaji, ma'aikaci na ƙirga zagaye, ɗan maƙalen awon oksijin na yatsarsa. Manya masu lafiya sukan ci mita 400 zuwa 700. Amfaninsa ya fi fitowa idan aka maimaita bayan ƴan watanni aka gwada mutum da kansa. Akwai kuma ƙirga sau nawa zai tashi daga kujera ya zauna cikin daƙiƙa 30 ba tare da ya dafa ba.

Jagororin KDIGO, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, sun ba masu ciwon shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 a mako, ko gwargwadon abin da zuciya da jiki za su ɗauka. Matsakaici shi ne mutum ya iya magana yana tafiya. A wasu ƙasashe ana kafa feda a ƙarshen kujerar wanki a riƙa tuƙawa cikin awa biyun farko, kafin awon tansiyo ya fara sauka. A Zinder lokacin da ya fi shi ne bayan asuba, kafin rana ta ɗaga, kuma ranar da hazon hunturu ya rufe gari gara a rufe hanci ko a yi zagayen cikin gida. Hannun da aka yi wa fistula, jijiyar da ake haɗawa don wanki, ba a ɗaukar bidon ruwa da shi. Ciwon ƙirji, jiri, zazzaɓi, ko zaman wanki da aka tsallake, kowannensu dalili ne na dakatawa a nemi likita.

Garkuwar jikin mai wankin ƙoda ta yi rauni, tarin fuka ya fi kama shi sau da yawa a kan sauran jama'a, kuma yakan ɓuya a bayan ruwan ƙirji da ramar da aka riga aka saba gani. Tarin da ya wuce mako 2, ko zufar dare, ko ruwan da ya taru a gefe ɗaya ya ƙi janyewa bayan wanki, ana kai majina awo.