Gigin tsufa cuta ce, ba shekaru kaɗai ba

A wani gida a Gwammaja na ga wata tsohuwa ta sallame Azahar, ta tashi ta sake kabbara. Da yamma ta yafa mayafi, wai za ta gidan babanta a Ƙofar Mata, alhali ya rasu tun tana amarya. 'Ya'yanta suka ce: "Tsufa ne, kowa ma zai je nan." Maƙwabta kuwa suka ce jifa aka yi mata.

Abin da ke damuna ke nan. Tsofaffi da yawa suna haura casa'in da hankalinsu garau. Mafi yawan masu gigin tsufa cutar Alzheimer ce ke damunsu, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Furotin iri biyu ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa: amiloyid yana dunƙulewa tsakanin ƙwayoyin jijiya, tau kuma yana cukurkuɗewa a cikinsu har su mutu. Taruwar kan fara shekaru goma zuwa ashirin kafin a ga alama. Sashen da ke adana sabon tunani ne ke fara lalacewa, shi ya sa Hajiya ta tuna ranar aurenta amma ta manta ta ci tuwo.

Hawan jini da ciwon suga suna ƙara haɗarin. Ƙarancin bitamin B12 ma kan jawo mantuwa, kuma wannan yana da magani. Don haka a kai ta Asibitin Malam Aminu Kano a duba ta, kada a kulle ta a ɗaki.