Ba Sai Ka Zama Likita Ba Kafin Ka Sayar da Na'urorin Asibiti

Matasa da yawa sun ɗauka tallan na'urorin asibiti aikin likitoci da ma'aikatan jinya ne kaɗai, shi ya sa ko kallonsa ba sa yi. Wannan fahimta ta daɗe, kuma tana raba mutane da abincinsu.

Kamfanonin ƙera na'urorin asibiti irin su Medtronic da Stryker da kansu suke koya wa sabbin ma'aikata kayansu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suke dubawa shi ne ko ka taɓa sayar wa wata ma'aikata kaya, ka jure zirga-zirga, aka ce ka dawo gobe kuma ka dawo. A Amurka, da dama cikin masu wannan sana'a da tallan injin kwafi ofis-ofis suka fara.

Ba a ce babu ilimi a ciki ba. Wakilin kamfanin ƙarfen dashen gwiwa yakan shiga ɗakin tiyata da hula da takunkumi, ya tsaya nesa da gado, yana nuna wa ma'aikaciyar jinya kayan aikin da za ta miƙa wa likita, bai taɓa majinyaci ba. Sai dai a bakin aiki ake koyon wannan, sannu a hankali.

Matashin da ke Kano ko Kaduna zai iya farawa wajen dilan kayan asibiti, yana kai na'urar gwajin sukari da ta awon hawan jini kantunan magani da ƙananan asibitoci. A nan zai koyi duba lambar rajistar NAFDAC, ya gane wa ke sa hannu kafin a sayi kaya, ya kuma riƙa rubuta cinikinsa na kowane wata, don wannan lissafin za a tambaye shi ranar ganawar ɗaukar aiki.