Share ƙurar sensar kyamara da buroshi

Sensa ita ce 'yar farantin da ke cikin kyamarar dijital, wadda take karɓar haske ta mayar da shi hoto, aikin da fim ke yi a da. Babbar da aka fi sani tana da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, ta yawancin kyamarorin da ake yawo da su wajen biki kuwa, wadda ake kira APS-C, ba ta kai rabin wannan fili ba. Share ta da buroshi hanya ce ta tsabtacewa a bushe, tsakanin hura iska da gogewa da ruwan magani.

Abin da ake sharewa a gaskiya gilashi ne siriri da aka shimfiɗa a gaban sensar don tace haske. A kansa ƙura take sauka, inuwarta ta bayyana a hoto kamar ɗigo mai duhu, kullum a wuri ɗaya. Fim bai san wannan damuwa ba, don kowane hoto da sabon fili yake zuwa.

A Bauchi da Gombe lamarin ya fi tsanani da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso hazo daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Mai hoton da ya sauya lensi a filin hawan sallah, dawaki na tayar da ƙasa, ko a bayan mota a hanyoyin dajin Yankari, ya buɗe wa ƙura ƙofa da hannunsa. Kyamarori marasa madubi, wato waɗanda ba su da ɗan madubin da ke tsaye tsakanin lensi da sensa, sun fi shan wahala, domin a yawancinsu da zarar an cire lensi sensar tana fili.

Kafin a taɓa komai ana gwaji. A tsuke ƙofar haske ta lensi zuwa f/16 ko f/22 (yawan lambar, ƙanƙantar ƙofar), don a nan ne inuwar ƙura ke fitowa sosai, a ɗauki farin bango ko sararin sama ba tare da an daidaita gani ba, sannan a faɗaɗa hoton a kwamfuta. Lensi yana kife hoto, saboda haka ɗigon da ya fito a saman hoto yana ƙasan sensar. Mai ɗaukar amarya da buɗaɗɗiyar ƙofa irin f/2.8 zai iya shekara bai lura da ƙura ba, sai ranar da ya ɗauki sama.

Buroshin wannan aiki gashinsa na roba ne mai laushi ƙwarai, kuma sirrinsa yana cikin lantarkin gogayya, irin tartsatsin da bargo ke yi da daren hunturu, ko yadda matajin da aka goga a gashi ke ɗaukar guntun takarda. Ana hura wa gashin iska da ƙarfi, ko a juya shi da sauri kamar yadda Arctic Butterfly na kamfanin VisibleDust da ke Kanada yake yi da batir, sai ya ɗauki caji ya kuma kakkaɓe tsohuwar ƙura. Idan ya ratsa gilashin, ƙurar ce take tsalle ta manne masa. Ba a kunna jujjuyawar yana cikin kyamara.

Aikin kansa ba ya cin minti biyar, shirin ne yake da tsawo. Batir ya cika, domin idan ya mutu a tsakiyar aiki labulen kyamara, wanda ke buɗewa ya rufe a gaban sensa lokacin ɗaukar hoto, zai rufe a kan buroshin, gyaransa kuma ya fi kuɗin buroshi nesa ba kusa ba. A rufe taga, a kashe fanka, a zaɓi umarnin tsabtacewa da hannu wanda ke ɗaga madubi ya buɗe labule. Sai a kife bakin kyamarar ƙasa a hura da famfon roba sau da yawa. Wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba a ƙasarmu: cikin ƙurar akwai ƙwayoyin yashi, yashi kuwa ya fi gilashi tauri, wanda aka ja shi a kan gilashin zai iya barin zane na har abada. Bayan nan a ɗora bakin buroshin a gefe ɗaya, a ja shi sau ɗaya zuwa ɗaya gefen ba tare da dannawa ba, a fitar, a sake caji, a maimaita idan da buƙata.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne barin gashin ya shafi bangon ramin da madubi yake. Akwai ɗan man shafawa a nan, buroshin ya kwaso shi ya ja layi a kan sensa, ɗigo biyu su koma tabo mai tsawo. Haka yatsa, maiƙonsa ya isa ya lalata buroshi. Buroshin hoda, na fenti, auduga, gefen rawani da hurawa da baki duk ba su da wuri a wannan aiki, gwangwanin iska ma yana iya feso ruwa.

Buroshi yana da iyaka. Ƙurar da ta sha laimar damina ta manne, ko tabon mai, sai da tsinken goge sensa mai faɗinta da ɗigon ruwan magani mai saurin bushewa, ko a kai wa mai gyara. Kamfanoni kuma sun rage wahalar: Olympus E-1 ta 2003 ta fara zuwa da gilashi mai girgiza kansa don kakkaɓe ƙura, Canon ta bi da EOS 400D a 2006, Nikon da D300 a 2007. Girgizar tana zubar da busasshiyar ƙura mara nauyi, amma mai aiki a waje tun daga ɗaurin aure har yinin biki cikin hazon Janairu zai ga ba ta wadatar. Shi ya sa da yawa suke riƙe kyamara biyu ko lensi ɗaya mai zuƙowa, kuma idan sauyi ya zama dole su kashe kyamarar, su juya wa iska baya, bakinta na kallon ƙasa.