Waiwaye: Yadda girafin ya shigo maganar batirin sodiyam

Tare aka fara binciken batirin litiyam da na sodiyam a shekarun 1970. Litiyam ya yi gaba, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991, aka jingine sodiyam duk da cewa yana nan jingim a gishiri da ruwan teku.

Girafait, wannan baƙin da ke cikin fensir, wanda ake sawa a ɓangaren batir da ke ajiye caji, yana cikin abubuwan da suka raba su. Litiyam yana shiga tsakanin shimfiɗunsa ya zauna daram, giram ɗaya ya riƙe cajin miliamfa-awa 372. Na sodiyam da ke shiga kuwa bai taka kara ya karya ba. An daɗe ana ɗora laifin a kan girman sodiyam, alhali fotasiyam ya fi shi girma kuma yana shiga lafiya lau. Haɗin sodiyam da girafait ne kawai ba ya ɗorewa.

A 2000 masu bincike Stevens da Dahn a Kanada suka ƙona sukari suka sami kabon mai tauri da ya riƙe kusan 300. Ba a yi ta yayata aikin ba.

Girafin ne ya sha yayatawa. A 2004 Geim da Novoselov na Jami'ar Manchesta suka ɓare shimfiɗa ɗaya tak daga girafait da salatif, wannan shimfiɗar ce girafin, suka karɓi kyautar Nobel a 2010. Masu binciken sodiyam suka ce tun da ƙofa ta yi ƙunci, a buɗa ta. A 2014 wasu a Jami'ar Maryland suka faɗaɗa tazarar shimfiɗun girafait daga nanomita 0.34 zuwa 0.43, cajin ya kai 284. A 2021 masu bincike a Jami'ar Chalmers ta Suwidin suka sa wasu ƙwayoyi a fuska ɗaya ta girafin su tokare shimfiɗun, suka kai 332.

Sai dai faɗin fuskar girafin, wanda ake yabo, shi ne kuma aibinsa. Ruwan batir yana ruɓewa a kansa a cajin farko, ya cinye sodiyam mai yawa da ba ya dawowa. Shimfiɗun suna sake mannewa da juna, ga tsada, a batirin da araha ce hujjar yin sa. A ganina nan lissafin ya fi rushewa.

Da kamfanin batir na CATL na China ya sanar da batirinsa na sodiyam a Yulin 2021, kabon mai tauri ya sa. Girafin yanzu an fi ba shi aikin naɗe fosfaras ko kuza, waɗanda ke kumbura sosai in sun sha sodiyam, don ya riƙe su kada su farfashe.