Waiwaye: Nauyin da doka ta ɗora wa hukumomin ilimi kan yara masu buƙata ta musamman

Tun kafin zuwan boko, makaho yana da gurbinsa a tsangaya, domin karatun allo da kunne da hadda ake yinsa, kuma ƙasar Kano da Haɗeja ba su taɓa rasa alarammomi makafi ba. Kurma da gurgu kuwa dangi ne ke ɗawainiyarsu, ko su koma ƙarƙashin sarkin sana'ar bara. Da makarantar boko ta zo da allon bango da matattakala, sai ta bar dukkansu a waje.

'Yan mishan ne suka fara buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Gwamnati ta shigo da gaske bayan shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976, inda manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ware sashe ga ilimi na musamman, aka kuma kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo. Tsarin wancan zamani shi ne a gina makaranta guda a birni a tara yaran a cikinta, irin ta Tudun Maliki a Kano, da ta kurame a Haɗeja. Makarantun sun yi aiki, amma sun koya wa hukumomi wata ɗabi'a da har yau ba ta sake su ba, wato ɗaukar cewa yaro mai naƙasa nauyin wata makaranta ce can nesa.

Duniya ta sauya ra'ayi a taron Salamanca na ƙasar Sifen a 1994, inda aka amince yaro ya yi karatu tare da sa'o'insa a makarantar da ke kusa da gidansu. A nan gida, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta ilimi kyauta na shekara 9 ga kowane yaro, ta kuma rataya aikin a wuyan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Wani abin lura a dokar shi ne ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, daga jan kunne zuwa tara ko ɗauri, alhali ba ta fayyace me zai sami makarantar da ta mayar da yaro gida don ba ta da malaminsa ba.

Wannan giɓi ne dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta zo cikewa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, fiye da shekara 8 bayan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Dokar ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, su samar da ƙwararren malami da kayan aiki, a kuma shigar da rubutun makafi da maganar hannu cikin koyarwa. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai shiga, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. Kano da Jigawa kowace tana da tata dokar ta jiha.

Na ga yadda abin yake a wata firamare ta ƙauye a yankinmu. Yarinya ce kurma, tana zaune a ƙarshen tabarma, tana kwafe duk abin da ke allo da rubutu mai tsabta, ba tare da ta san abin da yake nufi ba. Da mahaifinta ya nemi shawara, hedimasta ya ce masa cikin tausayi, "Malam, ba mu da malaminta, sai dai a kai ta Tudun Maliki." Manomin da ke lissafin kuɗin taki ba zai iya kuɗin mota da sayayyar makarantar kwana ba, kuma uwa ba za ta saki 'yar shekara 7 da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata ba. A bakin ajin kuma akwai keken guragu a jingine ƙarƙashin darbejiya, mai shi ya rarrafa ya hau matattakala uku da littafinsa a baki.

Ban ga laifin hedimastan ba, domin ba shi ke ɗaukar malami ko zana ginin aji ba. Waɗannan ayyukan SUBEB ne da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kuma a ganina nan ne nauyin doka ya sauka: a ƙidaya yaran ƙauye ƙauye, a tura waɗanda suka karanta ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da kwalejoji ko da malami ɗaya ne ya riƙa zagaya makarantun gunduma, kada kuma a karɓi sabon aji daga hannun ɗan kwangila sai da gangaren hawan keke. Kwamitin kula da makaranta (SBMC), wanda mai unguwa da liman da iyaye mata ke zama a cikinsa, shi ya fi kowa sanin gidan da aka ɓoye yaro a ɗaki, kuma yana da damar rubuta wa sakataren ilimi takarda da sunayen yaran, ya nemi amsa a rubuce.