Waiwaye: Yadda gabar ya da ƙanwa ta zama jarin littattafan Amish

A littattafan ƙagaggun labarai kan Amish, wata al'ummar Kirista a Amurka, bangon littafin kusan iri ɗaya ne kullum: budurwa da farar hula mai igiya, bayanta gona da keken doki. In ka buɗe, sau da yawa ya da ƙanwa ne da suka shekara goma ba su ga maciji, sai mutuwar uwa ko wata tsohuwar wasiƙa ta tono abin da aka binne. Wannan salo ya samo asali ne daga wata doka ta addini da ta girmi ƙasar Amurka kanta.

A 1693 Jakob Ammann ya raba gari da sauran 'yan ɗariƙarsa a Suwizalan da yankin Alsas, kuma babban abin da ya raba su shi ne ƙauracewa, wadda suke kira Meidung. Ammann ya dage cewa wanda aka kora daga ikilisiya a guje shi har a zaman yau da kullum. Mabiyansa, waɗanda ake kira Amish, suka yi hijira zuwa Pensilbaniya, a Amurka ta yau, a ƙarni na 18, daga baya suka bazu zuwa Ohayo da Indiyana.

Ga yadda dokar ke aiki, don a nan marubuta da yawa ke tuntuɓe. Amish ba sa yi wa jariri baftisma, wato ibadar da ake yi da ruwa don shigar da mutum ikilisiya. Daga shekara 16 matashi ke shiga lokacin Rumspringa, ya yi abokai, ya nemi aure, sannan ya yanke shawara, galibi tsakanin 18 da 22. Wadda ta fice kafin baftisma ba a ƙaurace mata, za ta iya zuwa gida ta ci tuwo da kowa. Wadda ta durƙusa ta yi alkawari sannan ta karya, ita ce ake sa wa takunkumi. Ba a cin abinci da ita a teburi ɗaya, ba a karɓar kaya kai tsaye daga hannunta, ba a shiga motar da take tuƙawa, ba a ciniki da ita. Magana kam ana yi. Wasu iyaye kan jera tebura biyu, su bar tazarar ɗan yatsa a tsakani, su lulluɓe da mayafi guda. Laifi matsakaici kan jawo takunkumin mako shida. Ƙofar dawowa kuma a buɗe take, da sharaɗin a amsa laifi gaban jama'a. Bishop ba ya yanke hukunci shi kaɗai, sai ya nemi amincewar membobi, kuma tsananin dokar ya bambanta daga wannan ikilisiya zuwa waccan.

To ka ga 'yan'uwa biyu, ciki ɗaya, bambancin watanni kaɗan a ranar baftisma ya isa ya sa ɗaya ta zama baƙuwa a gidan ubanta. Sirri ma yana da nauyi a irin wannan wuri, inda gidaje 25 zuwa 35 ke taruwa ibada a gidan ɗayansu duk mako biyu, kowa ya san kakan kowa.

An daɗe ana rubutu a kansu. Helen Reimensnyder Martin ta fitar da Sabina a 1905, Joseph Yoder kuma ya rubuta Rosanna of the Amish a 1940 don gyara hoton da ake yi wa mutanensa. Amma kasuwar ta buɗe ne a 1997 da The Shunning na Beverly Lewis, labarin Katie Lapp da ta tsinci rigar jariri ta alfarma a ɗakin ajiya na saman gida, ta gano ba iyayenta ne suka haife ta ba. Daga 2002 Lewis ta shiga jerin Abram's Daughters mai littafi biyar, inda Sadie ta yi ciki da wani bare, ƙanwarta Leah ta zauna da sirrin. Wanda Brunstetter da Cindy Woodsmall suka shigo da ƙarfi. Harin makarantar Amish ta Nickel Mines na 2006, inda aka kashe yara mata biyar kuma Amish suka yafe wa iyalin maharin, ya ƙara jawo hankalin duniya gare su. A 2013 Valerie Weaver-Zercher ta yi wa wannan adabi cikakken nazari a Thrill of the Chaste.

Yawancin marubutan ba Amish ba ne, haka ma masu karatun, waɗanda galibi mata ne Kiristoci 'yan bishara. Shi ya sa jarumar kan ƙare da samun tabbacin ceto, alhali Amish na gargajiya suna ganin iƙirarin hakan girman kai ne, su dai fata suke yi. Sauran kurakuran ba su da wuyar ganewa: a ƙaurace wa yarinyar da ba ta yi baftisma ba, a mai da bishop fir'auna, a yayyafa kalmomi biyu-uku na Jamusancin Pensilbaniya, harshen Amish, kamar gishiri. Linda Byler, wadda ita kanta Amish ce, tana cikin kaɗan da ke rubutu daga cikin gida, kuma za ka ga aikin kicin da wanki sun fi cika shafukanta fiye da zaman hukunci.