Koyon Fiyano da Fasahohin Dandamali a Makarantun Sakandare

Fasahohin dandamali su ne ayyukan da ake yi a gaban 'yan kallo: kiɗa, rera waƙa, rawa da wasan kwaikwayo. A ƙasashe da yawa ana koyar da su a sakandare, wani wuri a cikin manhaja, wani wuri kuma bayan an tashi daga aji. A makarantun da ke bin tsarin kiɗan Turai, fiyano ne ginshiƙin wannan karatu.

Dalilin haka yana cikin ƙirar abin kiɗan. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, kuma na zamani yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Sautuka a jere suke daga mai kauri zuwa siriri, don haka ɗalibi yana ganin abin da kunnensa ke ji. Mai koyon goge sai ya daɗe yana fama kafin ya fitar da sauti mai daɗi, mai fiyano kuwa da ya danna ya samu. Wahalar tana gaba, inda zai riƙa karanta layi biyu na rubutun kiɗa lokaci guda, hannun dama na bin nasa, na hagu na bin nasa, ƙafa kuma tana kan feda, wato abin takawa da ke tsawaita sauti ko sassauta shi. Shi ya sa manyan makarantun kiɗa kan tilasta wa mawaƙa da masu busa su ma su iya fiyano ko yaya.

Fitacciyar makaranta a wannan fanni ita ce Sakandaren LaGuardia da ke birnin New York a Amurka. Magajin garin, Fiorello LaGuardia, ya kafa makarantar kiɗa da zane a 1936; daga baya aka haɗe ta da wata ta rawa da wasan kwaikwayo, suka koma gini ɗaya kusa da cibiyar fasahohin dandamali ta Lincoln a 1984. Ta gwamnati ce, ba a biyan kuɗin makaranta, kuma ana shiga ne ta hanyar gwajin basira a gaban malamai. Ɗalibai suna yin lissafi, kimiyya da tarihi kamar kowa, sannan su ƙara da darussan fanninsu kullum. 'Yan fim Jennifer Aniston da Timothée Chalamet sun yi karatu a can.

Batun da aka fi ja-in-ja a kai shi ne ko kiɗa yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. A 1993 wani ƙaramin gwaji a Kalifoniya ya nuna cewa ɗaliban jami'a da suka saurari kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗan Turai, na minti 10 sun ɗan fi ƙoƙari a wani aikin tunani, amma tasirin bai wuce kusan minti 15 ba. Jaridu suka kambama zancen, har gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a raba wa jarirai faifan kiɗa a 1998. Binciken Glenn Schellenberg na 2004 a Toronto ya fi wannan nauyi: ya raba yara 144 'yan shekara shida gida-gida, waɗanda suka koyi kiɗa suka zarce sauran da kusan maki uku a ma'aunin basira. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ba a cika ambata ba shi ne yaran da aka koya wa wasan kwaikwayo a wannan binciken su ne suka fi samun ci gaba wajen iya zama da mutane.

A matakin sakandare, wani nazari na 2019 kan ɗalibai sama da 112,000 a lardin British Columbia na Kanada ya gano cewa masu darasin kiɗa sun fi samun maki a lissafi, kimiyya da Turanci, musamman masu kaɗa kayan kiɗa. Sai dai wannan bai tabbatar da cewa kiɗan ne sanadi ba, domin mai yiwuwa yara masu himma ne tun asali suke zaɓarsa. Masu bincike Giovanni Sala da Fernand Gobet sun tattara gwaje-gwaje da dama a 2020, suka ce a waɗanda aka tsara da kyau tasirin kusan babu.

Amfanin da ba a musu a kai ya fi kusa da aikin kansa. Ɗalibi kan maimaita gaɓa ɗaya har ta zauna a yatsunsa, ya karɓi gyara a gaban 'yan uwansa, ya tsaya a dandamali gabansa na faɗuwa amma ya kai ƙarshe. Mai raka mawaƙi da fiyano dole ya saurari numfashinsa, ya jira shi. A Birtaniya akwai kuma riba ta takarda: hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM, wadda aka kafa a 1889, tana da jarrabawa daga mataki na 1 zuwa na 8, kuma matakai na 6 zuwa 8 suna ba da makin neman shiga jami'a.

Babban cikas shi ne kuɗi. Fiyano na katako yana da tsada, yana son mai gyaran sauti aƙalla sau ɗaya a shekara, ga shi ba ya shiri da laima ko zafi mai tsanani. Makarantu da yawa sun koma amfani da na lantarki, inda aji guda kan yi bita tare, kowa da abin sauraro a kunnensa.